Furen Doña Eufemia Ya Ƙi Shiga Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ni nake riƙe wa alƙalai takarda a gasar furen orkidiya ta garinmu Jardín. Ba ni da ta cewa a hukunci. Su duba, su auna, su ba da maki, ni in haɗa in rubuta. Tun da na bar koyarwa aka liƙa mini aikin, wai rubutuna yana karantuwa.

Kowace tukunya lamba muke manna mata, ba suna ba, don kada alƙali ya san mai ita. Ƙarfe tara na safe ana rufe ƙofar zaure, masu furanni su koma waje su yi ta kai da kawo.

Bara, saura minti ashirin a rufe, muka ji hayaniya a dandali. Na leƙa, sai ga jif ɗin ɗaukar buhunan kofi yana tafiya kamar ba ya so, bayansa ya yi tozo da furanni ruwan hoda har ba a ganin ƙarfen motar. Doña Eufemia Quiceno, mai gasa arepa, wainar masararmu, a bakin kasuwa, tana biye a ƙasa tana yi wa direba faɗa.

"A hankali, Nelson! Ba dankali ka ɗauko ba!"

Gungumen gwaiba ne. Shekara talatin da huɗu da suka wuce ta ɗaura wa bishiyar tsakar gidanta wani ɗan tsiro, ya yi ta yaɗo har ya lulluɓe ta. Ba ta taɓa kawo shi gasa ba, don ba a ɗaukar bishiya. Sai ana saura wata ɗaya gasar iska ta kayar da gwaibar, ta sa aka yanko mata gungumen yadda yake.

Don Abelardo Zuluaga mai kantin magani, mijin yayarta, yana tsaye a bakin ƙofa da farar hularsa. Sau shida yana cin kyautar farko.

"Eufemia, nan wurin fure ne, ba wurin sayar da itacen girki ba."

"Matsa mini, mijin Yaya. Naka da ake kawo maka a naɗe cikin auduga, ko atishawa aka yi kusa da shi sai ya kwanta jinya."

Maza huɗu suka cicciɓi gungumen, amma ƙofa ta yi masa kaɗan. Suka karkata shi, suka miƙar, a banza. Wani ya ce a rage shi da zarto. Kallon da Doña Eufemia ta yi masa ya sa ya tuna yana da aiki a gida.

Ana haka shugabar alƙalai ta fito, Doña Ligia Betancur, wata gajeriyar mata daga Medellín mai rataye da madubin ƙara girma a wuya. Ta zagaya gungumen sau biyu, sannan ta juyo gare ni.

"Malama Marleny, dokarku ta ce dole sai cikin zaure?"

"Ta ce dai a yi rajista kafin tara."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

"Saura minti huɗu."

"To ba shi lamba. A ajiye shi a inuwa." Ta dubi Doña Eufemia ido cikin ido, fuska ba alamar wasa. "Kuma mu ba mu san mai shi ba."

Dandali ya kwashe da dariya. Na manna masa lamba tamanin da bakwai.

Muka fara da na ciki. Alƙalai uku ne: Doña Ligia, da Don Efraín wanda ba ya ji sosai, da Jairo mai koyar da ilmin tsirrai. Maki ɗari ne. Talatin na siffa, talatin na launi, sauran a raba tsakanin girma, kaurin fure, yawansa, da yadda ya jeru a kara. Kowa ya rubuta nasa a ɓoye ya miƙo mini.

A lamba ta goma sha biyu suka daɗe. Furanni uku ne kacal, farare tas, kowanne a zagaye kamar faranti, kunnuwansa sun hau juna babu kafar da haske zai bi. Jairo ya ɗora ma'auni, santimita goma sha shida. Doña Ligia ta duƙa ta kalle shi ta gefe don ta ga ko ya lanƙwasa baya. Bai lanƙwasa ba. Maki tamanin da huɗu. Na san tukunyar Don Abelardo ce, na dai rubuta makin.

Da muka fito wurin tamanin da bakwai, rabin gari ya taru. Aka kewaye gungumen da igiya. Mai gyaran takalmi ya rufe rumfarsa, limamin coci ma ya tsaya a kan matakala.

Jairo ya auna fure ɗaya, ya taɓe baki. Kunnuwan sirara ne, tsakaninsu a buɗe, irin wanda ke kowane tsakar gida a nan. Na haɗa takardu uku, sittin da takwas. Abin da bai kai saba'in da biyar ba ko ƙyallen yabo ba a ɗaura masa. Na kasa ɗaga kai in dubi Doña Eufemia.

"Mun gama da fure," in ji Doña Ligia. "Kawo ɗaya takardar. Yanzu hannun mai shi za mu duba."

Wannan takardar ta reno ce, kuma a shekaruna goma sha ɗaya sau biyu na taɓa fito da ita. Suka bi ganye ɗaya bayan ɗaya suna neman tabo, ko ƙunar rana, ko cizon ƙwaro. Don Efraín ya durƙusa da tsufansa yana latsa saiwoyi, ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa, "Kai! Kamar yatsun jariri!"

Can Jairo ya ja da baya. "Akwai abu a ciki."

Ƙwaro ɗaya ya isa a fitar da shuka daga gasa. Doña Ligia ta kara madubinta. Wani ɗan koren kwaɗo ne, bai fi ƙwayar wake ba, yana zaune cikin ganye yana kallonta.

"Wannan ba ƙwaro ba ne," ta ce. "Shi ya sa ma babu ƙwaron. A bar shi da aikinsa."

Sai ƙirgar furanni. Sau biyu Jairo yana ɓatar da lissafi, a na uku jama'a suka kama masa da baki ɗaya, har da limamin. Ɗari biyu da sittin da uku, ban da arba'in da ɗaya da ba su buɗe ba. Da na haɗa makin sai da na sake haɗawa. Casa'in da uku.

Aka sanar da sakamako da rana tsaka. Furen da ya fi kyau na Don Abelardo ne, ya ɗaga hula, aka tafa. Lambar reno mafi girma, wadda ba a taɓa bayarwa a garinmu ba, ta Doña Eufemia ce. Ta rufe fuska da gyalenta, kafaɗunta suna rawa, ba mu san kuka ba ne ko dariya.

Doña Ligia ta kama hannunta. "Me kike ba shi, Doña?"

"Ruwan wankin masara. Sai kashin kaji, in na tuna."

"Shukar da ta ci wannan lamba mai ita ke raɗa mata suna, ya shiga littafi har abada. Wane suna?"

"Rosalba. Yayata. Ita ta tsinto mini shi a juji."

"A jujin wa?" in ji Don Abelardo.

Doña Rosalba, matarsa, ta amsa daga cikin taro tana share hawayen dariya. "Naka mana, tsoho! Ka ce na kowa da kowa ne, ka jefar bayan kanti."

Ya gyara hula ya ce, "Ashe dai nawa ne. Malama, rubuta kyauta biyu."

"Ka zo ka ɗauka in za ka iya," in ji Doña Eufemia.

Kwana uku gungumen ya yi a dandali ƙarƙashin rumfa. Ta dawo da kaskonta gefensa, masu zuwa ɗaukar hoto suka cinye mata masarar mako guda. Ranar Litinin aka mayar da shi gida, masu busa ƙaho na makaranta a gaba. Takardar shaidar lambar tana rataye yanzu a saman kaskon, hayaƙi har ya fara dafa ta.