Zanin Gadon Baba Mai Agogo

Matar direba ce ta kashe Baba Mai Agogo, kuma ba wuƙa ta ɗauka ba. Da bakinta ta yi aikin.

"Ku zo ku ga ikon Allah," ta ce wa matan gidan hayar, tana nuna igiyar shanya da haɓa. "Tsoho da furfurarsa, amma kullum sai ya yi wa katifa ban ruwa."

Mai kitso ta tuntsire da dariya har tsinke ya suɓuce mata. Zanin gadon kuwa yana nan rataye, shuɗi, tsakiyarsa sharkaf, kamar kowace safiya tun da tsohon ya dawo daga asibiti.

Matar direba ta san ƙarya take yi. Ran da hadari ya taso, ita ta kwashe masa shanyar, har ta kai hanci. Babu zarni ko kaɗan, sai tsamin gumi. Amma zancen ya riga ya yi daɗi a tsakar gida, ita kuwa tana son a ce ita ce gishirin hira.

Magana ta tsallake ƙofa. Yaran layi suka riƙa raka tsohon har rumfarsa ta gyaran agogo, suna toshe hanci.

Wata safiya ya fito rungume da zanin, ya tarar da matan a bakin famfo.

"Ina kwana, Baba?" in ji matar direba. "An tashi lafiya, ko yau ma ruwa ya ci gari?"

Ya tsaya. Ya dubi igiyar, ya dubi ƙafarsa.

"Allah ya bar ki da lafiyarki, 'yata," ya ce, ya koma ɗaki da abinsa.

Daga ranar ba a sake ganin zanin ba.

"Kun gani? Na yaye shi," ta ce. Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba.

Sai tsohon ya soma zubewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, rumfa ta zauna a kulle. Bango ɗaya ne tsakaninsa da matar direba, tana jin nishinsa in tana shara. Ta taɓa zuba abinci ta kai har bakin labulensa, ta kasa sallama, ta juyo da kwanonta. Wata ranar da la'asar nishin ya ɗauke.

Bayan an kai shi, 'yarsa da ta zo daga nesa ta roƙi matar direba ta taya ta kwashe ɗakin. A kan taga, bayan agogunan mutane da bai gama gyarawa ba, suka tarar da kwalayen magani a jere, ko ɓare su ba a yi ba.

'Yar ta zauna daɓas a bakin gado.

"Wayyo Baba! A gabana likita ya ce masa maganin nan zai riƙa sa shi gumi cikin barci har ya jiƙa shimfiɗa, ya daure, kada ya kuskura ya bari. Me ya sa ya daina? Yaya, ke ce kusa da shi, bai ce miki komai ba?"

Mai kitso tana tsaye a ƙofa da tsintsiya. Ta kafe matar direba da ido.

"Bai ce ba," in ji matar direba. Muryar kamar ba tata ba.

'Yar ta share ido, ta jawo shuɗin zanin daga ƙarƙashin matashi, a ninke, a bushe ƙayau, ta ɗora mata a hannu.

"Riƙe wannan, don Allah. Duk sanda na kira shi sai ya ce in kwantar da hankalina, yana cikin mutanen kirki."

Babu wanda ya zagi matar direba, babu wanda ya kai ta ƙara. Tun daga ranar dai, in ta fito tsakar gida hira ta mutu ke nan, kuma ba ta sake rataya ko ɗankwali a igiyar nan ba. A bayan kujera take shanya, cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Zanin yana ƙasan akwatinta. Ta kasa shimfiɗa shi, ta kasa yar da shi.