Bindigar Delmer Mai Madubi

Barewar tana can ƙetaren kwazazzabo, tana jan gindi a cikin dusar ƙanƙara. Harsashin Orval ya karya mata ƙugu, bai kashe ta ba. Orval ya sake ɗura albarushi ta bakin bindigarsa, ya danna da sanda, ya auna. Banza. Idon ɗan shekara saba'in ba ya raba dabba da kututture daga wannan nisa, ga shi gangaren ba ya sauku.

"To, sarkin doka, ka ga aikinka," in ji ƙanensa Delmer.

"Rufe mini baki."

"Ba zan rufe ba! Wa ya miƙe a taron mafarauta yana kumfar baki, wai duk mai ɗora madubi a kan bindigar toka mahauci ne? Yanzu wane ne mahaucin?"

Shi ne kuwa ya faɗi haka a taron. Orval na cikin waɗanda suka dage har dokar jiharsu ta Idaho ta tsaya yadda take: a makonnin farautar bindigar toka, ido da ƙarfen saitin bindiga kawai, babu madubin hangen nesa. Cewarsa, a bar wa dabba rabonta na tsira.

Barewar ta yi wani kuka mai kama da na akuya. Delmer ya nufi motarsu, ya dawo da tasa bindigar da yake ɓoyewa bayan kujera. Ita ma ta baki ake ɗura ta, amma sabuwar ƙira ce, ga madubi a samanta.

"Ungo, Yaya. Babu kowa a dajin nan sai mu."

Orval ya karɓe ta kamar an miƙo masa mushe. A cikin madubin har rawar haƙarƙarinta ya gani. Harbi ɗaya, ta kwanta. Sauƙin abin ya fi komai ƙona masa rai.

Ya ajiye bindigar, ya ciro waya.

"Wa za ka kira?"

"Jami'in gandun daji."

"Ka haukace? Za a karɓe maka lasisi! Bindigata kuma za su ƙwace, tawa fa, ba taka ba!"

"Ni na harba. Haka zan faɗa."

"Tausayi ka yi, tsohon banza, ba laifi ba!"

"Laifin tun harbin farko ne. Na san idona ya tafi, na ja kunama. Wannan babu dokar da ta hana shi, shi ya sa ba mai hukunta ni a kai. Bari su kama ni da na biyu."

"Ka nemi hukuncinka da kayanka mana!"

Orval ya dubi ƙanensa, ya san gaskiya ya faɗa. Yatsansa ya daɗe a kan wayar. Sannan ya danna.

Delmer ya tofar da yawu, ya shiga mota ya kunna, ya bar masa bindigogin biyu a kan ƙanƙara.