Kwaram a Taron Masu Kifi

Ranar da labarin ya iske Suwaiba, tana tsugune a rumfarsu ta bakin gada tana gyaran tarwaɗa, tana kuma yi wa Murja faɗa a ranta. Rana ta ɗaga, motocin Maiduguri sun fara tsayawa, amma murhun Murja ko hayaƙi babu. Sai ga Mairo mai soya ƙananan kifi ta zo, mayafinta a karkace.

"Yaya Suwaiba, ajiye wuƙar nan."

"Na ajiye in yi me?"

"Yaya Murja ce. Da asuba tana alwala ta faɗi. Allah Ya yi mata rasuwa."

"Ƙarya kike," in ji Suwaiba. "Jiya da yamma ta ari matsamina."

Sai da ta faɗi haka ta ji abin da ta faɗa, sannan ta zauna a ƙasa tana salati.

Murja aminiyarta ce tun suna 'yan mata a Sabon Gari, kuma ita ce bakin mata a ƙungiyar masu kifi ta Wudil. Ƙungiyar ta haɗa masunta da dillalai da mata masu suya. Matan sun fi kowa yawa, amma ba sa zuwa taro, don kifi a cikin mai ba ya jiran a gama magana. Murja kaɗai ke zuwa, kuma ita kaɗai ta ishe su. In ta buɗe baki, har mai sayar da rake a tsallaken titi sai ya san abin da aka tattauna.

A shekarar da ta gabata wasu mata 'yan ƙungiyar ƙwadago suka zo daga Kano suka shirya bita a wani ɗakin taro na jami'a, don koya wa mata shugabanci. Aka ce kowace ƙungiya ta turo biyu. Murja ta ja Suwaiba kamar akuya. Mai koyarwar, Malama Rahinatu, mace ce mai fara'a, sai dai rabin Hausarta Turanci ne. Ga na'urar sanyi tana hurawa, ga kujera mai laushi, ga shinkafa da aka ci. Mutumin da ya shekara ashirin a gaban wuta, me ake so ya yi? Suwaiba ta yi barcin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Sau ɗaya ta farka, daidai lokacin da Malama ke buga tebur tana cewa, "Ku riƙe wannan! Duk hukuncin da aka yanke a taro ba tare da kwaram ba, banza ne. Ku tashi ku ce ba ku yarda ba."

A hanyar gida ta tambayi Murja, "Wai mene ne kwaram ɗin nan?"

Murja ta dube ta sama da ƙasa. "Kwaram dai da kika sani. In faranti ya faɗi, me yake cewa?"

"Kwaram."

"To."

Suwaiba ta ga abin ya yi ma'ana. Ai ko makaranta ba a shiga sai an buga ƙarfe.

Washegarin sadakar uku, mata suka koma bakin murhu ido a kumbure. Nan suka ji cewa Alhaji Isyaku, shugaban ƙungiya kuma babban dillali, ya kira taro da hantsi. Maganar ba sabuwa ba ce. Dillalai sun daɗe suna so a tashi rumfunan mata daga bakin titi a mayar da su baya, wajen kwatar masunta, su kuma su gina ɗakin ƙanƙara a wurin. A baya kuwa ba motar da ke tsayawa, sai ƙuda. Murja ce ta hana, sau da yawa.

"Ke za ki je," in ji Mairo.

"Ni? In ce me?"

"Ba ke kika yi bita ba? Har da takardar shaida aka ba ki."

"Barci na yi, Mairo."

"To mu ko barcin ba mu samu ba. Tashi."

Haka ta tafi, farantinta a hammata, don ba ta yarda ta bar shi ba, da sabon matsami a hannu da ta manta ba ta ajiye ba. Ofishin ƙungiya shago ne da rumfar kwano a gaba. Maza 'yan kaɗan ne a kan benci, duk dillalai, masunta suna kogi. Ta gaishe su ta raɓe a gefe. Aka yi wa Murja addu'a, Alhaji Isyaku ya yabe ta yabon da bai taɓa yi mata ba tana da rai. Yana shafa fatiha ya shiga maganar rumfuna, ya yi ta a gurguje kamar mai tsoron kada Murja ta dawo.

"Kowa ya amince ko? Madalla. Garzali, rubuta."

Suwaiba ta ɗan matso gaba. Muryarta ta fito 'yar siririya. "Ranka ya daɗe, ba a yi kwaram ba."

"Me kika ce, Hajiya?"

"Ba kwaram. Malama ta ce in babu shi, banza ne."

Garzali sakatare, wanda ya yi boko, ya ɗaga kai ya dubi benci, leɓensa na motsi. Ya sunkuya wajen Alhaji ya yi raɗa, amma kowa ya ji. "Alhaji, gaskiya ta faɗa. Ba mu cika ba."

Alhaji ya gyara hula. Ya san masunta ba za su fito daga ruwa ba sai la'asar, don haka ya yi murmushi. "To Hajiya mai bita, tunda kin san doka, samo mana shi. In kin kasa, mu mun gama."

"Ai ba wuya," in ji Suwaiba.

Ta miƙe, ta ɗaga faranti, ta zuba masa matsami. Kwaram! Ta ƙara. Da farko don doka take bugawa. Daga baya ta tuna murhun Murja da ya yi sanyi, sai hannunta ya ƙi tsayawa. Tana bugu tana kuka, kwanon rumfa na amsawa, wani dillali ya faɗo daga benci, Alhaji na cewa, "Ke! Ke! Lafiyarki?"

Mata suka jiyo daga bakin gada. Wata ta ce gobara, wata ta ce ɓarawo, wata ta ce dukan Suwaiba ake yi. Suka sauke kasko suka kwaso a guje, mai itace da itace, mai ludayi da ludayi. Mairo ta iso da bokitin ruwa, ba ta tsaya tambaya ba ta watsa, Garzali ya sha rabi. Kafin ka ce me, rumfa ta cika har titi.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ba wanda ya taɓa ni," in ji Suwaiba tana haki. "Kwaram nake yi."

Garzali ya matse gefen rigarsa, ya dubi taron, ya dubi shugabansa. "Alhaji, yanzu kam an samu. Har ya yi yawa."

Tunda Alhaji da bakinsa ya ce a samo, ba yadda zai yi. Aka sake karanta maganar, aka ce wanda bai yarda a tashi rumfuna ba ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, duk maiƙo da yaji, wasu bibbiyu. Mairo ta ce tunda an taru, a ba Yaya Suwaiba gurbin Yaya Murja. Suwaiba na cewa a'a, hannuwan suka sake tashi.

Da aka watse, Garzali ya biyo ta. "Inna, kalmar fa Turanci ce. Yawan mutanen da ake bukata kafin a yanke hukunci take nufi. Ba ƙara ba."

Ta tsaya. "Ba faranti?"

"Ba faranti."

Ta dubi lotsattsen farantinta. Sai dariya ta kama ta, irin mai haɗe da hawaye, har ta dafa bango. "Murja," ta ce, "Allah Ya jiƙan ki, amma kin cuce ni."

Har yau ba ta san ko Murja tsokanarta ta yi ba, ko ita ma barcin ta yi. Da aka sake kiran bita ta je, ta zauna nesa da na'urar sanyi da goro a baki, ta kuma tafi da Mairo. Rumfuna suna nan a bakin titi.

Kullum da safe in ta fito za ta bakin gada, hanyarta ta ƙofar gidan su Murja ce. In ta zo daidai soron sai ta rage tafiya, ta yi gyaran murya sau biyu, yadda take yi a da don a san ta iso. Ta ɗan gyara tallen a kanta, sannan ta wuce.