Ragowar Yadin Kakuri

Yadi biyu ne suka rage a ƙasan akwatin Asabe, shuɗi da fari, saƙar masaƙar Kakuri inda mijinta Ishaya ya yi shekara ashirin da biyu a kan inji. Masaƙar ta rufe tuntuni, irin yadin nan ko da kuɗinka ba ka samu. Shi kuwa Ishaya, tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, magana ta ɗauke masa. Sai dai a zaunar da shi a baranda ya riƙa bin mutane da ido.

Bikin 'yarsu Peace saura mako uku, Asabe ta ci alwashin yarinyar nan za ta shiga ɗakinta da abin da hannun ubanta ya saƙa. A wayar Edith, maƙwabciyar shagonta a Sabon Tasha, ta ga bargon da take so: murabba'i shuɗi, murabba'i fari, suna bin juna, amma kowanne a tsaye kan tsininsa. Asabe fa, mai shekara talatin a kan keke, ba a koya mata ɗinki. Kallo ɗaya ta yi ta mayar da wayar.

Tsakiyar ba ta ba ta wahala ba. A karkace ake haɗa layukan, daga kusurwa suna ƙara tsawo har tsakiya, sannan su ragu. Da ta gama, gefen ya fito giɓi-giɓi kamar haƙoran zarto, kowane giɓi yana jiran ƙyalle mai kusurwa uku. Ta shimfiɗa ragowar shuɗin a tabarma gaban kujerar Ishaya, ta yanka murabba'ai, ta fara raba kowanne biyu daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ishaya ya yi gurnani. Ya bubbuga kujera da hannunsa mai lafiya.

"Baban Peace, ruwa ne?" Ta kawo, ya kau da kai. Ta gyara masa matashi, ta koma kan almakashi. Ya sake bugawa har kofin ya faɗi. Ta ce rana ce ta dame shi, ta juya kujerar ta kalli bango, ta ƙarasa yankanta hankali kwance.

Ranar da ta shimfiɗa bargon a gado, gefen ya ƙi kwanciya, ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen kabeji. Ta goge, ya ƙara saki. Ta warware ta sake ɗinkawa, abin ya ƙara lalacewa. Tsoro ya kama ta, ta ajiye girman kai ta kira Edith.

Edith ta ja gefen, ya biyo ta. "Mama, ai yankan nan bai bi zare ba, shi ya sa. Babban murabba'i ake tsagawa gida huɗu, sai dogon gefen ƙyallen ya bi zare. Akwai sauran yadin?"

Babu. Ko na ɗaure yatsa bai rage ba.

Asabe ta zaga kasuwar Sabo, ta je har Trikania gidan wani tsohon abokin aikin Ishaya. Shuɗi kam ga shi nan iri-iri, amma ba nasa ba. A cikin Keke Napep, kan hanyar dawowa, ta tuna yadda a da Ishaya ba ya barinta ta sa almakashi sai ya ja yadi tsaye, ya ja kwance, ya ja a karkace, ya nuna mata inda yake saki. Ta sha yi masa tsiya a kan haka.

Da ta isa gida ta ɗora masa bargon a cinya. Ya danne gefen da gwiwar hannu, ya ja da yatsu, yadin ya saki. Ya ɗago ya dube ta.

"Abin da kake gaya mini ke nan," ta ce. "Ni kuma na juya ka bango."

Asabe ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, baƙin ciki ya cika ta, ta rasa abin yi da hannuwanta. Shi kuwa bai daina shafa gefen ba, yana ƙoƙarin kwantar da shi.