Ragon Kyauta

Tun da uwarta ta rasu, Kyauta ta daina magana. Ƙaramar yarinya ce, 'yar Gwadabe manomi, a wani ƙauye kudu da Kiru. Aka ce iska ce. Aka yi mata hayaƙi har idonta ya yi ja. Shiru.

Sai Inna Turai, Bafulatana mai kawo nono, ta zo mata da ɗan rago maraya a naɗe cikin zane.

"Riƙe, 'yar nan. Shi ma ba shi da uwa."

Kyauta ta riƙa tsoma tsumma a madara tana ba shi yana tsotsa. Ta sa masa suna Lado. Kafin a yanke gero aka jiyo ta bayan rumbu tana yi masa faɗa don ya tauna mata zane. Daga nan ta fara gaida mutane, har dariya take yi. Kowa a gidan ya ga abin da ya warkar da ita. Amma in ka tambayi Gwadabe, hayaƙi ne ya yi aiki.

Da shekara ta zagayo aka ce wani babban baƙo zai zo rangadi daga birni. Mai unguwa Maikano ya bi gida-gida yana tara gaisuwa. Idonsa ya faɗa kan Lado.

"Gwadabe, wannan na baƙo ne."

"Ranka ya daɗe, na yarinyar ne."

"To sai me? So kake a ce unguwata kaji ta kai?"

Akwai akuya biyu a turke, amma Gwadabe bai ko ambace su ba. Ƙato ke nan da gemunsa, mai ɗaga buhun dawa shi kaɗai, ya kasa ɗaga harshe ya ce a'a. Sai ya durƙusa. "A ɗauka, ranka ya daɗe. Ai dabba ce."

Ragon ya turje, ya ƙi bin igiya. Nan ne dattawan unguwa suka nuna hikimarsu: a sa yarinyar gaba, ai ita yake bi. Kyauta ta zaci kiwo za a je. Ta wuce gaba tana yi masa hira, yana biye da ita, har ƙofar gidan mai unguwa.

Baƙon ya sha ruwa, ya duba kasuwa, ya shiga motarsa. Ko ɗanɗana naman Lado bai yi ba. 'Yan rakiya suka cinye, Maikano ya samu buzun salla.

Da Inna Turai ta kawo nono washegari, ta tarar da Kyauta a bakin turke. Ta kira ta, ba amsa.

"Iskar ce ta dawo," in ji Gwadabe.

"Iskar nan hula gare ta, Malam Gwadabe, kuma kai ka durƙusa mata."

Gwadabe ya nufi turke. Ya kwance akuya ɗaya, wadda jiya ya kasa ambata, ya ja ta zuwa gidan mai hayaƙi.