Wadda Ba a Ƙirga Ba

Tun ranar da likitan nan ya ce yana son jinin 'ya'yanta, Malama Hadijatu ta daina yarda da shi. Ita ce mai ciwo, ita aka yi wa aiki a wuya a Sakkwato, ita za ta riƙa haɗiyar ƙwaya kullum safe har ƙarshen ranta. To me ya kawo yara cikin zancen?

A Illela kowa ya san maƙoƙo. Ya kumbura, a ja mayafi a kai, a ci gaba da harka. Da nata ya fito, ɗan ƙarami mai tauri, matan da take koya wa karatu a tsakar gida suka ce ta sauya gishiri. Sai murya ta dushe har ba ta iya kai aya ƙarshe, ga gudawa ta ƙi jin magani. Likita Sufyanu, wani siririn yaro mai tabarau da bai kai sa'an ƙaninta ba, ya ce ciwon daji ne, kuma irin nata ba kasafai ake ganinsa ba. Gwaji ya nuna na gado ne: duk ɗan da ta haifa yana iya ɗauka, yana iya tsira. Wanda aka gano da wuri, sai a yi masa aiki tun ciwon bai tashi ba.

"Malama, ɗiyanki nawa?" ya tambaye ta, biro a hannu.

"Huɗu," ta ce.

Biyar ta haifa. Raliya ce ta fari, wadda yayar mijinta ta ɗauka tun yaye ta tafi da ita Ƙonni, can ta girma, can aka yi mata aure. Shekara ashirin da shida Hadijatu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Mace mai kunya ba ta sa ɗan fari cikin ƙirga; haka uwarta ta yi, haka kakarta. Mijinta Malam Mukhtar yana tsaye a wurin bai gyara ba, don kunyar tasu ɗaya ce.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba kunya kaɗai ba ce. Wata maƙwabciya ta raɗa mata cewa ba a Sakkwato ake auna jinin ba, Legas ake kai shi, daga can kuma Allah masani. Ita ma ta lura likitan ya cika rubutu, ya cika murmushi. Ruwa ba ya tsami banza. Ta ce a ranta, in ma akwai lauje cikin naɗi, ɗaya dai ta kuɓuta.

Bayan wata biyu sakamako ya fito. Uku lafiya lau. Takarda ta kama Zubaida, budurwa 'yar sha shida mai wuya sumul, wadda ko tari ba ta yi. Hadijatu ta rantse likitan neman wanda zai yanka yake yi, ta ƙi ci, ta ƙi yi wa Malam magana, don shi ya sa hannu. Aka yi aikin. Likita ya ce sun tarar ciwon har ya soma, bai wuce ƙwayar gero ba, kuma sun cire shi duka. Tsoro ya kama Hadijatu irin wanda ba ta ji ba ko ranar nata aikin.

Kwana uku da dawowarsu gida, Raliya ta tsallako iyaka a kan babur ta zo duba ƙanwarta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ta gaida uwar. Gaisuwar ta fito a dushe. Hadijatu ta ƙura mata ido: hijabi an ja shi har haɓa, ga gyaran murya a kai a kai.

"Ke, mi as sami muryarki?"

"Mura ta, Inna. Ruwan ƙanƙara nas sha."

"Matso."

Raliya ta ɗago da mamaki, ta matso. Hadijatu ta zura hannu ƙarƙashin hijabin, hannun da rabonsa da jikin yarinyar nan tun yaye. Ba ta sha wahalar nema ba. Kumburin yana nan a hagu, da tauri, ya fi nata girma.

"Tun yaushe?"

"Tun azumin bara. Anka ce maƙoƙo na, in sake gishiri."

Hawaye ya zubo wa Hadijatu, ba ta ko share ba. Wata biyu da rabi ta ɓata da bakinta.

"Gobe Sakkwato za mu, ke da ɗiyanki duka. Likita za shi tambaye ki su nawa na. Mi za ki ce mai?"

Raliya ta sunkuyar da kai. "Biyu."

"Ukku na!" Hadijatu ta daka mata tsawa da ɗan abin da ya rage na muryarta. "Tashi ki hau babur ki tai Gidan Katta ki ɗauko ɗan farinki wurin kakatai. Kuma da bakinki za ki hwaɗa ma likita sunanai."