Igiya a Cikin Shofaj

Motar haƙa ta iso Gidan Amumune a bayan wata doguwar mota, shekaru kaɗan bayan an sauke tutar Faransa. Daga ƙasar sanyi aka aiko ta, shi ya sa ta zo da abin da ba wanda ya roƙa: wani akwatin ƙarfe a gaban ƙafafun direba, mai huro iska mai zafi. Shofaj ake ce masa. Ranar da Illo direba ya fara murɗa maɓallinsa, leburori sun yi dariya har da riƙe ciki.

Da bazara ta kankama sai dariya ta koma ciki. Injin ba ya jure ranar ƙasar Mayahi, kafin azahar ruwansa ya tafasa, aiki ya tsaya. Illo ne ya lura cewa in ya kunna shofaj, ruwan injin yana biyowa ta akwatin, fanka ta kwashe zafin ta watsa masa a ƙwauri, allurar zafi ta sauko daga ja. Haka ya ci gaba da yi, injin yana shan iska shi yana gasuwa. Leburori suka raɗa masa Balangu, ya kuwa amsa.

Marmara suke haƙowa don hanyar Tasawa, saboda motocin gyaɗa su daina nutsewa a rairayi. Ramin ya yi ta faɗi har ya fara cin gefen gonar wani tsoho, Na Allah. Kullum tsohon yakan zo ya tsaya a bakin ramin da sandarsa, ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, sannan ya juyo ya gaida Illo da aiki.

Wata Talata da hantsi fanka ta yi wani gurnani ta yi shiru. Allura ta fara hawa. Illo ya sauke cokalin motar ƙasa, ya kashe injin.

Shef Abdurrahamane ya taho da sauri. Tsohon soja ne, shi ke riƙe da aikin, kuma daga Mayahi ana matsa masa a gama kafin ruwa ya sauka.

"Balangu, wa ya ce ka tsaya?"

"Shofaj ya mutu, Shef."

"A wannan rana kake kukan shofaj? Sanyi kake ji?"

"Ni ba na ji. Ita ce za ta ji zafi."

Shef ya san zancen, don haka ya yi tsaki kawai ya tsaya a kansa. Illo ya durƙusa. Ya fara zaro fizibil, ɗan siririn wayar da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya ɗaga shi ga rana. Lafiyarsa lau. Ya cire wayar da ke shiga akwatin ya goga ta a jikin ƙarfe, ta yi tartsatsi. Ashe wuta tana isowa. Ya jawo wata waya daga batir kai tsaye zuwa injin fankar. Ɗan injin ya yi nishi, ya yi ɗumi, ya fara warin ƙuna, amma ko motsi. Illo ya yi maza ya janye.

"Bai mutu ba," ya ce. "Wani abu ya riƙe shi."

Ya kwance murfin. Leburori suka zagaye ƙofa, kowa yana miƙa wuya. Da ya zura hannu sai ya ji igiya ta nannaɗe sandar fankar tam. Ya yi ta warwarewa a hankali, yana ja, har abin da ke ƙarshenta ya faɗo a tafin hannunsa. Laya ce, ɗinkakkiya da jar fata.

Kowa ya ja da baya. Wani lebura ya ce, "Sammu!" Wani ya ce, "Ai dama tsohon nan ya faɗi da bakinsa, sai motar nan ta kwanta." Duk idanu suka koma kan Na Allah, yana nan tsaye inda ya saba.

"Ku kawo mini shi," in ji Shef.

Tsohon bai jira a kawo shi ba, ya tako da kansa. Ya dubi layar ya taɓe baki.

"Ba tawa ba ce. Da tawa ce, da ba fanka za ta kama ba."

"Kun ji ko? Kayan gwamnati ne wannan, tsoho. Wanda ya taɓa shi, jandarma zai yi wa bayani a Mayahi." Shef ya juya ya kira direban wata motar marmara, ya ce ya tayar, za a kai mutum.

Illo bai ɗago kai ba. Tun da layar ta faɗo hannunsa ya gane ta. Ɗinkin bakinta na surukinsa ne, baduku a garin Sarkin Hausa, mai yin zare biyu baƙi da fari. Igiyar kuwa da yagen shuɗin zanen matarsa Rakiya aka tufka ta. Tun da bangon wani rami ya rufta da mutum wajen Attantane, matar tasa ta dame shi da layar nan. Ya rataya ta a wuya, zufa ta jiƙa fatar ta ci masa ƙirji, ya cire. Ya rataya a madubin mota, Shef ya ce motar gwamnati ba rumfar boka ba ce. Ya mayar mata, ba ta ce uffan ba. Ya kamata shirun nan ya ba shi tsoro.

In ya yi magana, kujerarsa ce za ta tafi, shi da ya fara daga wankin taya. In ya yi shiru, tsoho zai kwana a Mayahi ana gab da shuka. An riga an kama Na Allah ta hannun riga, sandarsa ta faɗi ƙasa.

Illo ya miƙe. "Ku sake shi. Layar gidana ce."

"Balangu, zafi ya taɓa maka kai?"

"Na ce ta gidana ce, Shef."

Daidai nan Rakiya ta ɓullo ta bayan tarin marmara da ƙwaryar fura a ka, kamar yadda ta saba. Ta ga taro, ta ga jar fata a hannun mijinta, ta ga tsoho a riƙe. Ta sauke ƙwaryar ta ajiye a inuwar taya ba gaggawa.

"Ni na sa, Mushe," ta ce wa Shef, yadda ake kiran manya da Faransanci. "Jiya, maigida yana sallar azahar. Ta 'yar tagar can da iska ke fitowa na tura ta."

"Ke! Kin san kuɗin motar nan ya fi garinku?"

"Ban sani ba. Na san dai in rami ya rufta, ita za a tono a wanke. Shi fa?"

Wani lebura ya ƙyalƙyale, Shef ya harare shi.

"Mi ya sa cikin shofaj, Rakiya?" Illo ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Wuya ka ƙi, madubi an hana. Na ga nan ne iska ke fitowa ta buge ka, na ce to ta biyo ta kanta ta same ka." Ta gyara ɗaurin zane. "Fankar ce ban san da ita ba. Wannan kam na yi kuskure. Amma ku cire ta yau, gobe in sami wani wuri."

Na Allah ya fizge hannunsa ya ɗauki sandarsa. "Ɗiyata, in za ki sake, sa ta cikin babban injin."

"Baba, don Allah," in ji Illo.

Shef ya nuna hanya da yatsa. "Kai da matarka, ku tattara."

Illo ya juya wajen motar. Ya koma ya durƙusa, ya tsince sauran zaren da ya maƙale, ya ɗiga mai a sandar fankar, ya juya ta da yatsa har ta saki. Ya mayar da murfi, ya haɗa waya, ya murɗa maɓalli. Fanka ta yi tari, sannan ta ɗauka. Da ya tayar da injin, iska mai zafi ta fara bugo ƙofa har waɗanda ke kusa suka kau da fuska.

Ya sauko ya bar ƙofar a buɗe.

"Ga ta nan ta tashi, Shef. Ba zan bar muku ita a kwance ba. Sai a sa wani."

Shef ya dubi direbobin marmara. Ɗaya ya duƙa yana duba tayarsa. Ɗayan ya ce shi tun yana yaro zafi ke sa shi haɓo. Shef da kansa ya taka matakala ya zura kai ciki, ya ɗan jima, ya fito gumi na ɗiga daga gemunsa. Can gabas hadari ya fara haɗa kai, motoci kuma suna jere ba komai a bayansu.

"Hau," ya ce.

"Da layar zan hau."

"Na ce hau!"

Illo ya ƙulla igiyar inda ta tsinke, ya hau, ya rataya layar a jikin madubi inda kowa zai gani. Shef ya kalle ta, ya kalli hadarin, ya juya yana yi wa direbobi tsawa su matso da motoci.

Rakiya ta miƙo ƙwaryar ta ƙofa.

"Sha tukuna, kafin shofaj ɗinku ya dafa ta."

Ya kafa kai ya sha. Da ya ɗaga cokalin motar, sai ya karkata shi yamma, nesa da gonar. Na Allah ya koma bakin ramin, ya dogara sandarsa, ya ci gaba da zagin motar daga inda ya tsaya.